Kalangu a Kan Gawa

Shekara bakwai Malam Iliya yana busa wa ƙungiyar wasan kwaikwayonmu ta unguwar Dilimi sarewa a bayan labule. Ni darakta na sallame shi rana ɗaya, don kawai na sayo kwamfutar gwanjo a kasuwar Taminus.

Na ce, "Baba, zamani ya wuce ka. Yanzu dannawa ake yi."

Ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Oga."

Ranar wasa wani furodusa ya zo takanas daga Kano ya ga ko za mu iya fim. Faifan da aka zuba mini kiɗa a shago ko gwada shi ban yi ba. Ni da na san kwamfuta?

Aka zo wurin mutuwar maigida. Sabo tela da ya fito a maigidan na kwance cikin likkafani, Rifkatu da ta fito a matarsa tana rusa kuka, 'yan kallo suna ta share hawaye. Na danna kiɗan juyayi.

Sai kalangun biki ya ɓarke, har da guɗa. Na danna, na sake dannawa, kwamfuta ta ƙame, kiɗa bai tsaya ba. Likkafani ya fara jijjiga, dariya ta ci ƙarfin gawa. Furodusa ya fice ko waiwaye babu. Ƙungiya ta watse kafin Sallah.

Har yau in na je zaman makoki, da na sa hannu a aljihu zan ciro waya sai wani ya damƙe ni: "Darakta, don Allah. Wannan ta gaske ce."