Kunnen Inna Azumi

"...lahiya lau, sai kewar amarya. Ya gajiyar Jega?"

"Wace amarya? Tashi mini bisa tabarma, miji ba cefane."

Kalilu ne ya zo kan babur, ya iske kakarsa Inna Azumi a tsakar gidanta na Maiyama tana tsince wake. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, don haka ba ta kama sunan, sai dai ta ce Maigida. Uwarsa ce 'yarta ta fari, ubansa kuma Likita Isiyaku mai ɗan asibiti a Jega, wanda ke duba kowa a dangi. Sau uku ke nan cikin wata guda tsohuwar nan tana hawa mota ta je gun surukinta, kuma duk ukun da ƙullin magani take dawowa, maganar da ta kai ta na nan a cikinta.

"Baba ya ce in tambayi gwiwa."

"Gwiwa ta gode."

"Da ciki."

"Shi ma."

"Da jirin da anka hwaɗi ran Talata. Haba Azumi! Ke da kika share malmala biyu ki bi kaza da gudu?"

"Ka taɓa kawo mini hatsin da kaka ƙirga mini loma?"

Kalilu ya miƙa hannu kan taga ya sauko da gwangwanin madara, ya girgiza. Cike yake da ƙwayoyi, ko ɗaya ba a ɓare ba.

"Wanga ai ya isa in buɗe kemis a Aliero. Hwaɗa mini gaskiya, ko ƙamshin asibiti kika so?"

Inna Azumi ta gaji da ɓoyo, wallahi ta gaji. Sai ta ja ɗankwali baya. Leɓen kunnenta na hagu a tsage yake gida biyu, tsohuwar tsaga da ta daɗe da warkewa. Shekarar Kalilu ashirin da uku yana shiga gidan nan bai taɓa gani ba.

"Innalillahi! An cuce ni a auren nan. Ba wanda ya gaya mini amarya na da kunne uku!"

"Aikin uwarka ne, marar kunya. Tana shan nono ta kama ɗan kunne ta fizge. Shekara arba'in ke nan."

Ta kwance wani ƙulli a bakin zanenta. 'Yan kunne ne na zinariya, ƙanana, ko dusashewa ba su yi ba.

"Mai sunanka ya sawo su shekarar da albasa ta yi daraja. Ya ce in tahi a ɗinke, in sa mishi su ko sau ɗaya ya gani. Na ce sai bayan damina. Damina bakwai ina hwaɗa mishi haka."

"To ki hwaɗa ma Baba mana."

"In zamna gaban suruki, da furfurata, in ce kwalliya nika so? Da na shiga sai ya durƙusa ya duƙe kai, ni ma in duƙe nawa. In na buɗe baki, sai in ji bakin nawa ya ce gwiwa."

Kalilu ya ajiye gwangwanin.

"Tsaya. Wata biyu kahin tsoho ya kwanta, ni na kai shi gun Baba. Ina bakin ƙofa. Awa guda shina zancen albasa, gumi na zuba, sannan ya ce wai wata maƙwabciya tasu ce kunnenta ya tsage, ko ana gyarawa."

"Mi likita ya ce?"

"Ya ce a kawo ta, aikin rabin awa ne. Har yau in anka tuna tsoho, Baba kan ce ko ina matar nan ta shiga."

Inna Azumi ta tuna ranar sarai. Marigayin ya dawo daga Jega da tsire a takarda, bakinsa ya ƙi rufuwa, ya ce ran kasuwa su tafi tare. Ita kuwa ko ɗaga kai daga tukunya ba ta yi ba. Ashe dattijon nan ya riga ya sha kunyar a madadinta, ita ta mayar masa da tsohuwar amsa, sai bayan damina. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

"Rabin awa," ta ce. "Wake ma ya fi haka bisa wuta."

Ta share ido da gefen zane, ta sake ɗaura ɗankwali, wannan karon ta bar kunnen a waje.

"Tada babur ɗin nan naka mai tari."

"Gwiwa fa?"

"Ta warke. Riƙe gwangwanin, tukuicinka ne, ka tahi ka buɗe kemis."

"In munka shiga bakinki ya sake cewa gwiwa, wallahi saki uku zan yi miki gaban Baba."

Ta yi dariya, ta damƙa masa 'yan kunnen, ta rufe hannunsa da nata.

"Uwarka ta yaga, ubanka shi ɗinke. Kai kuma in anka sa mini su, ka tsaya ka duba da kyau, tunda kai ka da sunan."

Kalilu da bai taɓa barin ta da ta ƙarshe ba, ya sa 'yan kunnen a aljihu, ya tada babur.

"Kin ci, amarya," ya ce. "Hawo."