Yadda Aka Tsayar Da Launin Malama Tabawa

A wani daji mai yawan kanya da ɗinya, inda 'ya'yan dabbobi suka addabi iyayensu da ciwon ciki saboda cin ɗanye, Dila Tanimu ya tare Hawainiya Tabawa a gindin tsamiya, suka ƙulla magana.

"Yaya Tabawa, majalisa ta ɗora mini koya wa yara launi, don su riƙa bambanta nunanne da ɗanye. An ba ni jar ƙasa da shuɗin baba da rawaya da gawayi, wai yara su tsoma hannu su danna a jikin dutse. To, kayan nan tsuntsaye sun roƙe ni su saboda bikinsu, ni kuwa kin san ba na iya hana maƙwabci. Ke za ki maye gurbinsu. In na ce ja, ki yi ja, in na ce kore, ki yi kore. Ladanki reshen nan na saman juji, duk ƙudan wurin naki ne, kuma a kira ki Malama."

Tabawa ta juya ido ɗaya ga Tanimu, ɗayan ga jujin. Ta so ta gaya masa jikinta ba ya jin umarni, abin da zuciya ta ji shi yake bi. Sai dai idon da ke kallon juji ya fi ƙarfi. Ta ce, "Allah ya sa albarka."

Aka buɗe makaranta. Tanimu ya sa aka ɗebo laka daga rafi, yara suka yi ta tsoma hannu suna dannawa a dutse. Kowane zane ruwan ƙasa. In ɗan zomo ya ce nasa ja ne, ɗan biri ya ce nasa shuɗi, sai Tanimu ya ce duk sun yi daidai, su dubi Malama su ga yadda abin yake a zahiri. Ita kuwa Malama, in an ce ja, sai ta yi ta yunƙuri har jijiyar wuya ta tashi, kunya ta mai da ita rawaya. In an ce kore, tsoron asirinta ya tonu ya baƙanta ta. Da yamma takan koma reshe ta ƙura wa ƙafarta ido, tana tambayar kanta, wai shin ni ɗin wane launi ce?

Ciwon ciki ya ƙaru. Majalisa ta zauna, aka zo da yara da malamarsu. Shugaba shi ne tsohon Ɓauna Makau, wanda idonsa bai san komai ba sai haske da duhu, amma ba wanda ya taɓa jin haka daga bakinsa. Ya tsinko ganye ya nuna wa ɗan biri.

"Kai yaro, wane launi ne wannan?"

Yaron bai ko dubi ganyen ba. Ya ɗaga kai ya dubi Tabawa, wadda tsoro ya riga ya mai da ita kamar gawayi. Ya ce, "Kore ne, ranka ya daɗe. Ga shi can ma Malama ta yi."

Uwar yaron, Kuluwa, ta zabura. "Ganyen kam kore ne, amma Malama baƙa ce ƙirin! Jiya yaron nan ya tara mini ɗanyar ɗinya, wai baƙa ce ta nuna, nunanniyar kuwa ya zubar, wai koriya. Ranka ya daɗe, kai ma dubi ganyen, ka dubi Malama. Ɗaya suke?"

Makau ya dubi ganye, ya dubi Tabawa, ya daɗe yana tuƙa. Ya ce, "Akwai kama."

Wuri ya kaure. Mujiya ta ce ita a saninta duk abin duniya baƙi ne. Ƙudan zuma ya ce akwai launuka a jikin fure da ba a sa cikin karatun ba, kuma wannan raini ne ga danginsa. Tabawa ta buɗe baki za ta ce a nemo kayan zanen yara, ta ga kowa ya juyo yana kallonta, ta rikiɗe sau uku, kafin kalma ta fito Tanimu ya riga ta.

Tanimu ya miƙe a natse. "Ranka ya daɗe, jama'a, kun gani da idonku. Yaro ya ba da amsa daidai, shugaba ya ce akwai kama, ashe karatu na tafiya. Matsala ɗaya ce, malamarmu ba ta tsayawa wuri guda. Shawarata a tsayar da ita. A shafe ta da jar ƙasa, yara su ƙware a ja tukuna, baɗi a shiga kore. In majalisa za ta ba da abin sayen jar ƙasar, na san inda ake samu."

Kuluwa ta ce, "To ɗinyar fa? Ɗinya ba ta ja!" Aka ce ta kawo wannan a zama na gaba. Shaho, wanda tun safe idonsa ke kan Malama, ya ce ya goyi bayan shawarar.

Washegari yara suka taru suka shafe malamarsu tun daga hanci har wutsiya, suna ta shewa, don ranar ce suka fara taɓa launi na gaske. Tabawa ta hau reshenta jajir a tsakiyar koren ganye. Ta ji wani sanyi a ranta, yau dai ta san ko wane launi ce.

Tanimu ya ci riba wajen bai wa tsuntsaye kayan, ya ci wajen sayo jar ƙasa. Makau ya riƙe kujerarsa da sirrinsa. Yara suna nan da ciwon cikinsu. Reshen saman juji kuwa tun ranar ba a sake ganin Malama a kansa ba, majalisa na neman wanda zai hau, ƙuda sun yi yawa. An ce a duk waɗanda suka halarci zaman nan, Shaho ne kaɗai bai taɓa buƙatar a koya masa ja ba.