Rasuwar Siririya, Sandar Jagoran Kiɗa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama da ya rasa abin riƙewa, ni Abdulghaffar Na'ibi, mutumin Omdurman ta Sudan, mazaunin unguwar Mahjar a Jidda, ina sanar da 'yan'uwa rasuwar sandata Siririya, wadda ajali ya riska ranar Alhamis a tsakiyar aiki, a gaban baƙi. Ita ce sana'ata a Jidda, kuma saboda ita kafilina, Shehu Othman mai ƙungiyar makaɗa, yake sa hannu a kan iƙamata, takardar izinin zama, kowace shekara.

An fiƙe marigayiya ne a Balad, tsohon garin Jidda, daga katakon wata tsohuwar taga da ta rufto. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Ba ta taɓa dukan kowa ba, amma idan ta ce tak, tak, tak a bakin teburin takardun kiɗa, masu goge da masu busa sukan haɗiye hira, har Hamad mai ganga ya tofar da guntun sigarinsa.

Halinta na gari ba ya ƙirguwa. Ta san cewa kiɗa yana farawa ne tun kafin a ji sauti, a wannan 'yar ɗagawa sama da kowa ke jan numfashi tare. Ta san riƙe shiru har sai ya nuna. Ita ta koya wa mutanen da suka tashi da kiɗan kunne bin kiɗan zamani, mai bugu biyar nan, bakwai can, wanda Hamad ya sha rantsuwa cewa gurgu ne ya rubuta shi. Ta yi haƙuri da shi har ya daina ƙara bugu na shida don tausayi.

Ciwon ajalinta ya soma ne da damshin teku. Tsaga ta bayyana a wuyanta. Matata Mastura ta naɗe wurin da zaren ɗinki, ta shafa mata man zaitun, ta ce in bar ta ta huta. Ban bari ba, domin Shehu Othman ya gayyato manyan baƙi gidansa na unguwar Aziziyya su ji sabon kiɗan da muka daɗe muna gyarawa.

Mun kai wurin da ya fi ko'ina wuya, inda goge ke hawa, kakaki na jiran a ba shi hanya. Na sauke Siririya da ƙarfi. Ta ce ƙas. Rabinta ya tashi ya faɗa cikin tiren shayi.

Ban tsaya ba. Guntun ya zame, yatsuna suka rage a haɗe kamar har yanzu suna riƙe da ita, na juya su sama na ɗaga don in shigo da kakaki. Duk wanda ya taɓa tsallaka titi a Jidda ya san ma'anar yatsu biyar a tattare suna kallon sama: dakata, ɗan jira. Makaɗana mutane ne masu ladabi. Suka dakata gaba ɗayansu. Na sake ɗagawa, suka ƙara natsuwa. Ina kaɗa hannu ina zufa, su kuwa sun ɗora kayan kiɗa a cinya suna jiran in gama abin da ya dame ni. Wani baƙo ya yi dariya. Shehu Othman ya miƙe ya ce halas, ya isa haka, a kawo abinci. Da safe ya aiko cewa ba zai sabunta iƙamar ba.

Marigayiya ta bar teburin ƙarfe mai ƙafa ɗaya gajera, da kiɗan da ba a kai ƙarshensa ba, da makaɗa da yanzu suke bin ƙafar mai goge na gaba. Ta bar Mastura, haifaffiyar Jidda, wadda mahaifiyarta Inna Dela ke kwance ba mai jinya sai ita, don haka ba za ta biyo ni Sudan ba.

An naɗe gawar a ƙyallen da ake goge kakaki da shi. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidanmu bayan la'asar har ranar Litinin. Jana'iza kuwa a teku za a yi, daga bayan jirgin ruwan da zai tafi Port Sudan, idan fitilun Jidda sun ɓace. Ba a buƙatar masu rakiya. Tikitin mutum ɗaya aka yanka.