Rajistar Awakin Sakataren Ilimi

Ranar Talata, bakwai ga watan Maris, da ƙarfe tara da kwata na safe aka shigar da akuyar farko filin makaranta. Malam Barau bai manta ba, domin ya rubuta. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa kafin ya yi ritaya, kuma har yau jan biro ba ya barin aljihunsa. Filin nan ƙaramar hukuma ce ta keɓe shi don gina firamare, har da allon ƙarfe aka kafa, saboda yaran unguwar su huta da tsallaka titin manyan motoci kullum safe. Ko tifa ɗaya ta yashi ba a zuba ba. Sai ga Sakataren Ilimi da kansa, Alhaji Sabi'u, ya kewaye wurin da waya ya zuba awakinsa, wai na wucin gadi ne.

Malam ya rubuta takardar koke har goma sha ɗaya, shiru kake ji. Sai ya sayi rajista sabuwa fil, ya rataye wani tsohon ƙarfen mota a darbejiyar bakin filin. Kullum bakwai da rabi ya kaɗa ƙarfen, ya watsa dusa, awaki su sheƙo a guje, shi kuwa ya gyara tabarau ya hau kiran suna. "Ƙyalla! Guntuwa! Mai Gemu!" Wadda ta yi kuka ya yi mata maki. Masu tafiya kasuwa har tsayawa suke yi suna riƙe ciki, shi ko murmushi babu.

Ranar da abin ya cika shekara bakwai cif, ya ɗauki rajistocinsa ya nufi ofishin sakataren. Ya tarar ana taron hedimastoci, ya shige kansa tsaye, ya dire littattafan a kan tebur.

"Sabi'u, na kawo rahoton makarantarka."

Sakataren ya miƙe da sauri, domin Malam ne ya koyar da shi yana yaro. "Barka da zuwa, Malam. Wace makaranta kuma? Ai ba a gina ba tukuna."

"An dai buɗe. Ɗalibai arba'in da uku, ban da huɗu da aka haifa wannan zangon. Ba mai fashi sai Ƙyalla, ita ma ranar da ta haihu ne. Bunsurun na naɗa monita. Yana da wari, amma yana da kula."

Wani hedimasta ya cusa hularsa a baki. Na kusa da shi ya sunkuya ƙarƙashin tebur wai yana neman biro, kafaɗunsa sai rawa suke.

"Haba Malam, don Allah a rufa asiri," in ji sakataren, yana share gumi. "Ai na wucin gadi ne."

"Firamare shekara shida ce. Sun yi bakwai. Kai ma da na riƙe ka a aji huɗu, shekara ɗaya ka ƙara, na sallame ka. Waɗannan yaushe za a yaye su yaran mutane su samu wuri?"

Dariya ta ɓarke gaba ɗaya. Sakataren ya ƙule, ya buga tebur.

"Malam, dabbobi ne fa! Ko shekara ɗari suka yi a wurin, me za su iya?"

Malam Barau ya zaro jan bironsa, ya duba agogo, ya rubuta maganar da lokacinta, sannan ya ɗago.

"Yawwa, ka faɗa da bakinka, ga kuma shaidu. To ranar kasuwa ka hau mota mai lasifika ka ba gari haƙuri. Duk faɗin ƙaramar hukumar nan makaranta ɗaya tak ka cika da hannunka, ita ma shekara bakwai ba wanda ya iya karanta ko baƙi ɗaya."