Sabuwar Wayata a Ɗaurin Auren Roni

Tsufa ya fara kwashe min sunayen mutane da lambobin waya, amma akwai wata Asabar a Roni da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da na so.

Ƙanina Sani direba ne a Jidda, shekara shida rabonsa da gida. Da aka sa ranar auren 'yarsa ta fari, Rabi, sai maigidansa ya hana shi hutu. Ya kira ni ya ce, "Yaya, kai ne waliyyi. Abu ɗaya nake roƙo, ka sa in ga ɗaurin auren nan da idona, ko ta waya ce." Na ce ya ɗauka ya gani. Limamin unguwarsu ma, dattijo mai tsantseni, ya ce zai so ya ji daga bakin uban yarinya cewa ya wakilta ni kafin ya ɗaura. Na ce wannan ai ƙaramin abu ne.

(Ya kamata mai karatu ya san irin mutumin da ke ɗaukar wannan alkawari. Na yi fatauci a Kumasi, na zauna Abijan, na yi shekaru a Sudan. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, Fillanci kuwa a gidan kakata na sha shi. A majalisarmu ta Kazaure in gardama ta tashi, ni ake juyowa a kalla, ni kuma ban taɓa iya cewa ban sani ba.)

Matsalar farko wayata ce. Batirin ya kumbura, kyamarar kuma in ta ɗauki mutum sai ka ce ta cikin kunu ake hango shi. Mako biyu ina auna abin yi. In gyara ta? In karɓi wata 'yar hannu da wani ɗan Damagaram ya yi min tallarta da sefa? Ko in rufe ido in sayi sabuwa? Na cika bayan kalanda da lissafi, ina juya naira zuwa sefa, sefa zuwa riyal, kamar akwai wanda ya tambaye ni. A ƙarshe na sayar da ragon da nake kiwo, na shiga Kano na ɗauko sabuwa dal, mai idanu uku a baya.

Da na dawo sai zafin ragon ya kama ni. Na ce abin da waya ta ci, a data zan fanshe shi. Na zauna na danna lambobin kamfani, na jera tsare-tsarensu: na kwana ɗaya, na mako, na wata. Can ƙasa na hango wani tsari mai gigogin data rututu, kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba. Idona bai wuce layi biyu ba, yawan data da kuɗinta. Na juye duk katin da ke cikin wayar na saya.

Hajiyata ta ce, "Alhaji, ba ka tambayi masu sayar da kati ba?"

Na ce, "Ni da na sayi layi a ƙasashe huɗu?"

Kada a ce ban gwada ba. Na gwada har sau biyar. Sani yana fita aiki da sassafe, su kuma suna gabanmu da awa biyu, saboda haka lokacin da na tashi alwala kafin kiran assalatu nake kiransa. Hoto tar, murya garau, har furfurar da ta fito masa nake ƙirgawa. Muna gamawa sai in kashe datar kamar yadda ake kashe fitila, ba na sake taɓa ta sai gobe. Tattali ke nan, a ganina.

Ranar Asabar da hantsi ƙofar gidan Sani ta cika. An shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, dangin ango sun zo daga Gwiwa a kan babura, ga goro da alawa a faranti. Sanƙira, wani siririn mutum mai muryar da ba ta buƙatar lasifika amma yana riƙe da ita, yana ta shelar manyan baƙi. Na zauna kusa da liman, na zaro wayar a hankali yadda kowa zai gani.

Liman ya ce, "To Alhaji, a kira mana uban yarinya."

Na kunna data, na danna. Wayar ta yi ta juya wani ɗan zobe. Na sake dannawa. Zobe. Na ɗaga ta sama, na miƙe, na koma gindin darbejiya, na dawo. Na ce wa jama'a sabis ɗin Roni ne, a Abijan ba a haka. Wani daga baya ya ce, "Ranka ya daɗe, tawa fa tana yi." Na ce to bari in kira shi kai tsaye. Wata mata a cikin wayar ta sanar da ni, da ladabi, cewa ba ni da kati.

Wakilin ango, Malam Jibo, tsohon hedimasta, ya miƙo hannu ya ce, "Kawo in gani, Alhaji." Ya gyara tabarau, ya buɗe saƙon da kamfani ya turo min ranar da na saya, ya karanta har ƙasa, inda ni ban taɓa kaiwa ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Alhaji, ai datar dare ka saya. Daga sha biyun dare zuwa biyar na asuba take aiki."

Wallahi ji na yi kamar an zare tabarmar da nake kai. Na buɗe baki, a cikin harsunan nan nawa biyar, har da Hausar, babu wanda ya zo min da kalma ɗaya.

A hankali Malam Jibo ya faɗa, amma sanƙira na tsugune a gefenmu, kuma aikinsa ke nan, abin da manya suka faɗa a hankali ya isar wa na nesa. Ya miƙe ya ɗaga lasifika.

"Jama'a, a yi haƙuri! Wayar waliyyi tana barci! An ce sai sha biyun dare take tashi! Mai tabarma ya riƙe tabarmarsa!"

Dariyar da aka yi har cikin gida mata suka ji. Liman kansa rawani ya ja ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa.

Ana cikin haka aka yi sallama daga zaure, aka miƙo wata tsohuwar waya, gilashinta a tsage, an ɗaure bayanta da roba. Ta Ladidi ce, matar Sani. A ciki ga Sani, ya sha farar shadda da hula a ɗan ɗakinsa na Jidda, ya ba da kuɗi wani ya riƙe masa aikin ranar, ya fi rabin awa yana zaune yana kallon waya.

"Yaya, lafiya? Wallahi na ɗauka fasa auren aka yi."

A nan dariyar ta daina yi min zafi, wani abu daban ya soke ni. Na riƙe wayar Ladidi da hannu biyu, tawa kuwa na tura ta can ƙasan aljihu. Sani ya wakilta ni, liman ya ɗaura, aka shafa fatiha, na ga ƙanina yana share ido da hular tasa.

Da yamma ya sake kira ya yi godiya mai tsawo, har na fara jin mutuncina na dawowa. Sai ya ce, "Yaya, in Allah ya kawo haihuwa, ranar suna kai dai ka zo da addu'a. Maganar waya ka bar wa Ladidi."

Na ce to. Tun daga ranar, duk abin da ya yi min arha sai na karanta shi har layin ƙarshe, in ban gane ba in miƙa wa wanda bai taɓa wuce Kazaure ba ya duba min.