Tusar da aka jira kwana huɗu

Ba zan taɓa mantawa da kwana na huɗu bayan an yi mini aikin hanji ba. Hanjina ne ya toshe (ni kuwa ina ta ɗirka masa kanwa, wai kumburin ciki ne), sai da na fara koren amai aka kwashe ni daga shagon ɗinkina a unguwar Briqueterie zuwa asibiti.

Na farfaɗo da roba a hanci, ga ɗinki tun daga cibiya har mara, irin wanda ni tela ba zan yi wa buhu ba. Likita ya ce aiki ya yi kyau, amma ba ci ba sha sai hanji ya farka, kuma alamar farkawarsa tusa ce. Kullum da safe nas za ta leƙo ta tambaya da ƙarfi da Faransanci, "Alhaji, les gaz?" wato ko tusar ta fito. Ni da ko gyatsa ba na yi a gaban mutane, sai in girgiza kai.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa da tsire, su cinye abinsu a gabana suna ba ni labarin wane da aka yi wa irin aikina bai tashi ba (Allah ya saka da alheri). Matata Hajara ta riƙa jan hannuna muna zagaya baranda, don an ce tafiya na tayar da hanji. Shiru.

Rana ta huɗu surukina ya zo daga unguwar Tsinga, dattijon da shekara goma sha biyu ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ya taho da limamin unguwarsu. Liman ya ɗora hannu a cikina ya fara addu'a, ɗaki ya yi tsit. Nan na ji abu yana gangarowa. Na matse, ɗinki ya ja ni, na sake matsewa. Ina! Ta fito doguwa, har da lanƙwasa, daidai inda ake cewa amin.

Liman ya janye hannunsa a hankali. Hajara, wadda ya kamata ta rufa mini asiri, ta fita da gudu tana yi wa nas albishir da Faransanci, masu jinyar gadon kusa suka hau tafi. Surukina ya dubi ƙasa ya ce, "To Malam, addu'arka ba ta da jinkiri."

Da yamma aka ba ni shayi cokali uku. Bayan mako guda aka sallame ni da sharuɗɗa: kunu da romo kaɗan-kaɗan, ban da ɗaukar nauyi, in kuma ciki ya sake kumbura in dawo da gaggawa, don tabon aiki kan sake ɗaure hanji. Na warke sumul, na koma kan keken ɗinkina. Kafin in iso gida kuwa labari ya riga ni, masu zuwa barka suna gaishe ni suna danne dariya.

Na dai koyi abu guda: duk girman hularka, akwai ranar da dangi za su taru su yi maka barka da tusa, kai kuma ka amsa da alhamdulillahi.