Jitar Landan

Da, in gardamar tsohon fim ko kiɗan rok ta tashi a fadarmu ta Agadas, ni ake jira, don na zauna Paris, na leƙa Landan.

Ran nan na kai baƙi kallon hasumiyar tsohon masallaci, sai jita ta tashi daga wani shago. Na ɗaga yatsa: "Kiɗan Landan ne wannan. A sinima na fara jin shi, ba a haife ku ba."

Sai mawaƙin ya buɗe baki da Tamashek.

Taubashina ya riƙe ciki: "Kai, tsoho, surukinka ne na Tabelot, mai noman albasa! A bikin 'yarka ya kaɗa ta, kana zaune gaba!"

Tun ranar tambaya ɗaya ake yi mini a fada: "Alhaji, yaya albasar Landan?"